BA A TASHI BA TUKUNA

Shafi na 19

Masu cika min waya da "ina shafin yau", ga shi nan da ɗuminsa. Ku kuma da kuka ce na cika wahalar da Shiru, ku karanta har ƙasa kafin ku yanke min hukunci.

*

Tun da Kanari ta tashi da safiyar Asabar ɗin nan take ninke rigar wasanta tana warwarewa. Shuɗiyar riga ce mai maɓallan ƙarfe, ta mai sayar da tikiti a tashar jirgin ƙasa, wadda take sakawa a Jirgin Yamma, wasan waƙe-waƙen da ta ajiye aikin kantin magani saboda shi.

Yau ce ranar hukunci. Manajan zauren da suke wasan a ciki ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in aka dawo daga hutun tsakiyar wasa ya sake ganin kujeru wayam kamar kullum, zai sa kwaɗo ya ba masu taron kamfanoni wurin.

Goggo, ƙanwar mahaifinta da ta riƙe ta tun tana ƙarama, tana zaune bakin gado tana shafa wa gwiwarta man zafi. Jiya ta fara zuwa kallon wasan, kuma tun da ta dawo ba ta ce uffan ba.

"Goggo, ba ki ce min komai ba."

"Me zan ce? Kin yi ƙoƙari."

"Ƙoƙari kawai?"

"Murya dai ta uwarki ce, Allah ya jiƙanta. Sai da na jiƙa bakin mayafina. Amma wanda ya rubuta labarin nan ba shi da tausayi."

"Anti Darakta ce ta rubuta."

"To ki gaya mata in ji ni. A tara bayin Allah cikin zafi, a sa su so yarinya da yaro, sannan yaro ya haye jirgi ya tafi, shi ke nan? Ko waiwaye babu?"

Kanari ta yi ɗan murmushi.

"Ai ya dawo, Goggo."

"Yaushe?"

"A ƙarshe mana."

"Ke, a ƙarshen ina zaune da idona biyu. Ya ɗaga miki hannu ta taga, kika yi waƙar ban kwana, labule ya sauka. Tsohon nan mai usur ya fito ya sunkuya, muka tafa masa. Aka kunna fitilu, aka wangale ƙofofi. Mai gadi har da ce min a sauka lafiya."

Rigar ta zame daga hannun Kanari.

"Goggo, tafiya kika yi?"

"Da kwana zan yi?"

"Hutu ne fa. Rabin wasa ne. Akwai wani rabin."

Goggo ta tsaya da shafa man.

"Wane irin hutu? Wa ya gaji?"

"An rubuta a bayan tikiti."

"Bayan tikiti. Ni da ko gabansa sai da tabarau. To ba ni kaɗai ba ce, duk layinmu tare muka miƙe. Matar da ke kusa da ni ma cewa ta yi zuwanta na biyu ke nan, ta ji an ce ana gyara ƙarshen, ta zo ta tarar da shi yadda ta bar shi."

Kanari ta dafe ƙirji. Dariya ce ta taso mata ko kuka, ita kanta ba ta sani ba. Duk makonnin nan suna bayan labule suna haɗiye baƙin ciki, suna cewa mutane sun tsani wasansu. Waƙarta mafi daɗi, wadda Shiru mai kiɗa ya tsara mata da hannunsa, tana can cikin kashi na biyu tana tashi a gaban kujeru da fankoki.

Ta suri jaka, ta zura takalmi wari da wari.

"Goggo, yau za ki koma."

"In ya dawo ɗin da gaske, har da maƙwabta zan zo. In kuma ƙarya kike, ki nemi wata goggon."

*

A ƙofar zauren har an jingina tsani a jikin allon da ke ɗauke da sunan wasan, ana jiran a ce a cire allon. Kanari ta bi ta ƙarƙashinsa a guje.

Duk suna kan dandamali, jugum kamar gidan makoki. Anti Darakta tana zaune a kan bencin tashar da aka ƙera da katako, biro a bayan kunne. Ɗan Gayu, jarumin wasan, yana duba gashinsa a fuskar waya. Baba mai usur yana gyangyaɗi. Shiru yana gefe a gaban fiyanonsa na lantarki yana naɗe wata waya a hannu.

"Anti, ba tsanar mu suke ba."

Anti Darakta ba ta ko ɗago ba.

"Kanari, ki bar ni da abin da ke damuna. Na sake canza ƙarshen, ku zo ku ji."

"Ba wanda ya taɓa ganin ƙarshen, Anti."

Ta zayyana musu duk yadda suka yi da Goggo, numfashinta na sarƙewa. Labule, sunkuyo, tafi, fitilu, ƙofa, a sauka lafiya.

Suka kalli juna.

Ɗan Gayu ne ya fara magana, a hankali.

"Tsaya. Masu rubutawa a waya cewa ƙarshen bai yi ba, ashe tafiyata suke nufi?"

"Ita suke nufi."

Ya juya ya kalli Anti Darakta.

"Anti, kin sa na dawo da dukiya. Kin sa na dawo a tsiyace. Kin sa na dawo da sanda ina ɗingishi. Makon jiya makaho ne ni, na faɗo daga matakala na fasa gwiwa. Yanzu gemu nake mannawa da gam, haɓata duk ta yi ƙuraje. Ashe duk fanka nake yi wa?"

Anti Darakta ta cire biron daga bayan kunnenta, ta kalle shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Ba zai yiwu ba. Kowa ya san wasa yana da hutu."

"Kowa a inda kika yi karatu, Anti," in ji Kanari. "Goggona ta ce wa ya gaji."

Wata irin dariya ta kufce wa Anti Darakta. Ta yi ta yi har ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago, fuskarta jage-jage da hawaye.

"Ni na ce ba za a yi shela ba. Na ce wasa ba tashar mota ba ne." Ta share ido da bayan hannu, sai kuma ta miƙe zumbur. "Baba."

Baba ya farka.

"Na'am, an fara?"

"Me ya sa kake sunkuyawa a tsakiyar wasa?"

"To ni ina cikin kashi na biyu ne? Na busa usur, jirgi ya tashi, aikina ya ƙare. Zama zan yi har ƙarshe saboda sunkuyo ɗaya, motar unguwarmu ta wuce ni? Ai ke kika ce in karɓi tafina da wuri."

"Ni na ce," ta amsa a sanyaye. "Kuma ni na ce wa mai fitila ya riƙa kallonka daga ɗakinsa na sama. In ka sunkuya, ya kunna fitilun zaure, ya kashe na'urorin sauti su huta. Mai gadi kuma in ya ga haske ya buɗe ƙofa a sha iska. Da hannuna na ɗinka wa wasana likkafani."

"To a warware ɗinkin," in ji Kanari.

Idon Anti Darakta ya kawo haske irin wanda suka daɗe ba su gani ba.

"Zare ɗaya za a ja. Baba, yau ba sunkuyo. Labule na sauka, ni zan fito da makirfo in ce hutu ne, kowa ya dawo kujerarsa."

"A gaya wa mai fitila," in ji Ɗan Gayu.

"Yana wani aikin," in ji Anti Darakta, "sai daf da farawa yake zuwa. Kada a rikita shi. In Baba bai sunkuya ba, ba abin da zai taɓa."

Baba ya dafa ƙirji.

"Ni da na yi wasa tun kafin a haifi iyayenku? Ku ɗauka an ɗaure min itace a baya."

Ƙarar makullai ta katse su. Manaja ne tsaye a tsakanin kujeru, yana kaɗa tarin makullansa a yatsa kamar yadda ya saba. Ya ji komai.

"Labari mai daɗi," ya ce. "Ku saka shi a wasa na gaba, a wani zauren."

"Yallaɓai, yau ɗaya," in ji Kanari.

"Yau ɗin ai na riga na ba ku, 'yata. Maganata ba ta canza ba. Zan tsaya a bakin ƙofa da kaina. In na ga mutane a kujeru bayan hutu, a sauke tsani. In na ga kujeru wayam, a hau shi a cire allon."

*

Kowa ya watse da gudu-gudu. Kanari ce kawai ta tsaya, don ta hango abin da ke ƙarƙashin fiyanon Shiru. Jakar tafiya ce, a cike, an ɗaure bakinta.

Ta san wani otal a can wani gari mai nisa ya kira shi ya riƙa yi wa baƙi kiɗa. Ta san ya ce in aka rufe wasan, Litinin zai tafi. Amma sani daban, ganin jaka daban.

"Har ka haɗa kaya."

"L-Latti."

Shi kaɗai ke kiranta haka, wai don kullum sai kiɗa ya wuce da taku ɗaya take shiga waƙa. In'ina ce ta sa ba ya son magana, har sunan Shiru ya bi shi. Waƙa kuwa ko a gwaji bai taɓa yi ba. In yana koya mata, da yatsa yake nuna mata a kan fiyano. Ya ce muryarsa ƙyaure ne da bai sha mai ba.

"Ba ka ma jira ka ga yadda za ta kaya ba."

"N-na ɗauka..."

"Ka ɗauka an gama, ka miƙe. Kai da Goggo ba ku da maraba."

Ya yi murmushi, ya sunkuyar da kai. Sai kuma ya ɗago ya kalle ta, irin kallon da ke sa ta manta baitin da ta haddace.

"Akwai m-maganar da n-nake so in..."

Ta tsaya cak. 

"Ina s... ina s-s..."

Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya runtse ido, hannunsa ya damƙe wayar da yake naɗewa. Kalmar ta tsaya masa a maƙoshi kamar ƙaya. Ba ta taya shi ba, ta san ba ya so. Ta jira.

"Kanari," Anti Darakta ta ƙwala daga bayan labule, "kwalliya."

Ya saki numfashi.

"J-je ki. Kada ki m-makara."

*

Ba su taɓa yin kashi na farko kamar na ranar ba. Labarin cewa yau ce rana ta ƙarshe ya jawo mutane, zauren ya kusa cika. Ta wata 'yar ɓula a jikin labule Kanari ta hango Goggo a tsakiyar layi, jaka a cinya, maƙwabta dama da hagu kamar masu rakiyar shari'a.

Aka yi dariya inda ake dariya. Aka yi tsit inda ake tsit. Ɗan Gayu ya haye jirgin katako ya ɗaga hannu, Baba ya busa usur, Kanari ta bi taga da ido tana rera:

"Jirgi ya ɗauke min rabin rai,
ya bar ni da rabi a tasha."

Labule ya sauka.

Tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano. Ɗan Gayu ya ruga ɗakin shiri yana tuɓe riga, don gemun nan yana cin lokaci. Anti Darakta ta gyara tsayuwa, makirfo a hannu.

Baba ne ya rage a gaban labule, nan ne wurin tsayuwarsa. Abin da ya rage masa taku uku ne zuwa gefe.

Ya yi na farko. Ya yi na biyu.

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Sai Baba mai usur."

Tafin ya ƙaru. Kanari tana kallo daga gefe ta ga kafaɗar tsohon ta motsa. Ta ga yana cije leɓe. Ta ga gumi a goshinsa.

"Baba, a'a," ta raɗa.

Gadon bayan nan nasa da ya yi shekara da shekaru yana amsa tafi bai san wata yarjejeniya ba. A hankali, da kansa, ya lanƙwasa.

Fitilun zaure suka kama fal.

Anti Darakta ta faɗo gaban labule tana magana cikin makirfo, bakinta na motsi, ba abin da ke fita. Ta jefar da shi ta ɗaga murya, amma ƙarar kujeru da hayaniya suka haɗiye ta. Ƙofofi biyu suka wangale, hasken yamma ya shigo. Mutane suka miƙe suna gyara riguna, suna laluben takalma.

Manaja yana jingine a bakin ƙofa yana kaɗa makullai.

"Wallahi ba ni ba ne," in ji Baba, kamar zai yi kuka, "bayan ne."

Can tsakiya Goggo ta miƙe ta tare bakin layinsu da jakarta.

"Malam, koma ka zauna, ba a tashi ba. Yaron zai dawo."

"Hajiya, ba ni hanya."

"In ba ka hanya ka je ka yi ta zagin 'yata a waya? Zauna."

Layi ɗaya ta iya tarewa. Sauran sun riga sun nufi ƙofa, na gaba har sun sa ƙafa a waje.

Kanari ba ta san lokacin da ta ture labule ba. Ta sauko matakalar dandamali, ta ratsa ta tsakiyar kujeru, ta haye kan wata kujera da aka bari. Ba makirfo, ba kiɗa. Ta cika ƙirjinta da iska, ta ɗauko waƙar da ke can ƙarshen wasa, wadda ba wanda ya taɓa tsayawa ya ji.

"Ina nan inda ka bar ni,
ban kashe fitilar taga ba."

Na kusa da ita suka juyo.

"Kowane jirgi ya tsaya na leƙa,
ban ga mai kama da kai ba."

Muryar ta tashi ta daki rufin zauren ta dawo. Wata mata da ta saɓa jaka ta sauke ta. Wani mutum da ƙafarsa ɗaya ke waje ya janyo ta ciki. Shiru ya danna fiyano, ba sauti, an kashe shi tare da komai. Sai ya hau buga murfinsa da tafin hannu, dum, dum, yana riƙe mata taku.

Yau ba ta makara ba.

Hayaniyar ta mutu. Na waje suka fara leƙowa ta kafaɗar mai gadi. Makullan Manaja suka daina ƙara.

Ta kai ƙarshen baitinta, ta ja shi har numfashinta ya ƙare.

Sai a lokacin ta tuna. Waƙar ta mutum biyu ce. Nan ne Ɗan Gayu zai amsa, "Na dawo, 'yar tasha, buɗe taga."

Ta saci kallon gefen dandamali. Yana can a maƙale bayan labule daga shi sai singileti, rabin gemu na reto a haɓarsa, yana yi mata alama da hannu cewa ko za a yanka shi ba zai fito haka ba.

Taku ɗaya ya wuce.

Na biyu ya wuce.

Wani ya yi tari. Matar nan ta sake kai hannu ga jakarta. Manaja ya gyara tsayuwa, ya kalli tsanin da ke waje.

Bugun murfin fiyano ya tsaya.

Sai wata murya ta taso daga gefen dandamali. Mai kauri, mai ɗumi, tana rawa kaɗan kamar wadda aka daɗe da kullewa a ɗaki. Ba ta taɓa jin ta ba, amma tsikar jikinta ta gane ta kafin kunnenta.

Ta juya.

Shiru ne a tsaye. Ya bar fiyanonsa, ya tsallake jakar tafiyarsa, yana saukowa matakala idonsa a kanta. Ko harafi ɗaya bai sarƙe masa ba.

Kuma ba abin da aka rubuta yake rerawa ba.

"Ban tafi ba, Latti, ba ni tafiya,
jirgin ya wuce ya bar ni.
Abin da baki ya kasa tun tuni,
ina son ki, waƙa ta faɗa."

Anti Darakta ta toshe baki da hannu biyu.

Kujeru suka fara ƙara, wannan karon ta zama. Layi bayan layi mutane na komawa, ba mai son ya yi motsin da zai sa ya rasa kalma. Manaja ya kai hannu ga ƙyauren ƙofa ya riƙe, bai rufe ba, bai saki ba.

Muryar Goggo ta fito sarai cikin shirun.

"Wannan ai ba yaron jirgin ba ne."

Shiru ya iso gaban kujerar da Kanari ke tsaye. Ya ɗago kai yana kallonta, ƙirjinsa na hawa da sauka. Ya ɗaga yatsa ɗaya, kamar yadda yake mata a gwaji in lokacin shigarta ya yi.

Baitin da ta haddace cewa yake, "Sannu da zuwa, matafiyi." Ba shi da wurin zama a nan. Duk abin da za ta rera yanzu, nata ne.

Zaure guda ya zuba mata ido. Manaja na jira. Goggo na jira.

Yatsan ya sauka.

Kanari ta buɗe baki.